Jan Bijimi a Shafin Aji

Gidan Tsamiya, ta Makoɗa
Asabar, 5 ga Zulƙida

Zuwa ga ƙanwata Malama Ummukulthum, a Bacirawa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Malam Abdulrashid da yara. Mu nan maigida lafiyarsa ƙalau, sai ciwon bayan da kwasar taki ke tayar masa duk bazara. Inna, mahaifiyarsa, tana fama da ƙafa, ba ta fita, amma tana cin abinci. Auta ta yi zazzaɓi kwana uku, ta miƙe. 'Yata Aina'u lafiya lau. Ni ce dai hankalina ba ya jikina.

Za ki yi mamakin ganin takarda maimakon waya. Wayar gidan nan guda ce, tana hannun Yaya Sama'ilu, wan maigida, kuma duk abin da aka faɗa a cikinta kowa na ji. Shi ya sa na yago takarda a littafin Aina'u, zan ba Iliyasu direba ya sauke miki. Ki yi haƙuri da rubutun, da girmana na koya. Kakata da kakarki uba ɗaya suke, kuma a dangin nan ke kaɗai ce malamar da ta san kwamfuta.

Malamar Hausa ta ajin su Aina'u, Malama Nazira, ta buɗe wa aji wani shafi a intanet, bulog suke ce masa. Yara su yi rubutu a littafi, ita ta ɗora da wayarta. Ta sa kowace yarinya ta rubuta sana'ar gidansu, sai Aina'u ta rubuta kiwon da babanta ke yi don kasuwar Sallah. Ta karanta mini tana murna. Ummu, ba ta bar komai ba. Ta faɗi bijimai biyu ne, ja da fari. Ta faɗi a bayan rumbu suke ɗaure, an kewaye su da zana. Ta faɗi Lahadin ƙarshen watan nan zai kora su kasuwa. Har hoton jan malamar ta ɗora, wanda wata ƙawar Aina'u ta ɗauka da wayar yayarta ranar da ba ma gida.

Kin san mu nan ko damin geron da mutum ya samu ba ya faɗa. In an tambaye shi sai ya ce an gode Allah. Maigida wata takwas yana wannan kiwo, ko 'yan'uwana ba su san biyu ne ba. Ga shi tun bara muna jin labarin masu ɗaukar mutane a ƙauyukan yamma da mu, kuma an ce ba sa zuwa gida sai an kai musu rahoton abin da ke ciki.

Maigida bai sani ba. Lokacin da Aina'u ta gama aji uku ya so ta zauna a gida, na yi ta roƙonsa har ya yarda ta ci gaba, amma ya ce ranar da makaranta ta jawo wa gidansa magana, ranar ta gama. In ya ji wannan, shi ke nan.

Jiya malamar ta aiko da takarda ga iyaye. Ta ce shafin da ake amfani da shi yanzu gwaji ne, kuma za a yi taro ranar Talata, 22 ga wata, a zaɓi wanda za a zauna a kai. Iri biyu ne. Na farko, irin wanda ake kai yanzu, kyauta ne, ƙaramar waya ma tana buɗe shi, kowa a duniya yana iya karantawa. Na biyu na makarantu ne, sai da lambar sirri ake shiga, amma yana cin data, kuma ba kowace waya ke ɗaukarsa ba.

Don Allah ki gaya mini wanne zan goyi baya. Kuma ki duba, daga Kano ana ganin rubutun nan? Na rubuta miki sunan shafin a bayan takarda, kamar yadda Aina'u ta kwafo.

Yayarki, Hure.

Bacirawa
Litinin, 7 ga Zulƙida

Yaya Hure,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, ɗana Jamil ne kawai ke tari. A gaida Inna, Allah ya ba ta sauƙi. Ina rubutu ne a tsaye, Iliyasu yana ta danna mini hon, fasinja sun cika.

Na duba shafin. Ban sha wata wahala ba, sunan makarantar kawai na rubuta ya fito. Yaya, 'yarki ta iya rubutu, na karanta sau biyu. Jan bijimin nan kuwa, duk wanda ya gan shi sai ya yi sha'awarsa.

Ki goyi bayan mai lambar sirri. Mu ma a makarantarmu da buɗaɗɗen muka fara, daga baya muka koma rufaffe. Kafin taron ki je ki sami malamar ita kaɗai, ki roƙe ta ta sauke rubutun Aina'u. Minti ɗaya ne aikin. Kada ki yi mata faɗa, sabuwar malama ce, so take yara su ji daɗin rubutu.

Sauran bayani sai na sami sarari.

Ƙanwarki, Ummu.

Gidan Tsamiya
Alhamis, 10 ga Zulƙida

Ummu,

Gaisuwa da fatan tarin Jamil ya lafa. Mu nan yadda na gaya miki, sai Inna da ƙafar ta ƙara kumbura.

Takardarki ta zo, na karanta ta a bayan ɗaki har sau huɗu. Kin ce ba ki sha wahala ba. Kin ce duk wanda ya gan shi sai ya yi sha'awarsa. Kuma kin ce sauran bayani sai daga baya. Me kika gani da ba ki so ki sa a takarda? In wani abu ne ki faɗa mini kai tsaye, zan iya ɗauka.

Jiya da la'asar na ce zan kai wa Inna magani daga kyamis, na biya gidan da Malama Nazira take haya. Yarinya ce ƙarama, ba za ta girmi Aina'u da shekara bakwai ba. Ta shimfiɗa mini tabarma tana ta ce mini Mama. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ta ɗauko wayar ta buɗe, ta ce rubutun Aina'u ne ma ya fi kowanne samun masu karantawa, mutum ɗari da sittin. Ita da murna ta faɗa. Ni kuwa ƙauyenmu kaf ban jin magidanta sun kai haka.

Sai ta ja yatsa ƙasa, ta tsaya a wani wuri. Na ce ta nuna mini. Wani ya yi rubutu a ƙarƙashin hoton, ba suna, ba hoto, sai laƙabi, Sai Godiya. Na karanta da kaina don kada ta rage mini. Ga abin da ya ce: "Jan nan nawa za a bar shi? Yana nan gida har yanzu, ko an kai shi wani wuri?"

Na tambaye ta ko za ta iya sanin wane ne, ta ce a wannan irin shafin ba a sani, kowa na iya sa sunan da ya ga dama. Ta sauke rubutun a gabana, tana ba ni haƙuri, idonta ya kawo ruwa. Amma ta ce wanda ya riga ya karanta ya karanta. Ta kuma ce maza da yawa buɗaɗɗen suke so a taron, musamman Alhaji Kamaruddeen mai shago, shugaban iyaye, don ɗansa da ke Legas yana karanta rubutun ƙanwarsa daga can.

Yanzu duk babur ɗin da ya tsaya a bakin gidanmu sai gabana ya faɗi. Yau wani baƙo ya tambayi hanyar gidan mai unguwa, na leƙa ta zana ina kallon takalminsa har ya ɓace. Maigida yana ta lissafin ranar kasuwa, ya ce da asuba zai fita ta hanyar rafi, shi da Yaya Sama'ilu kawai. In na yi shiru wani abu ya same shi, da wane ido zan dubi Inna? In na faɗa, karatun Aina'u ya ƙare.

Ki aiko mini da amsa a motar gobe ko jibi.

Hure.

Gidan Tsamiya
Laraba, 16 ga Zulƙida

Ummu,

Kwana shida ban ji daga gare ki ba. An ce motar Iliyasu ta lalace a Bici, sai na bar takardata a tasha, ban sani ba ko ta iso. Wannan ma can zan kai. Kowa yana nan da rai, ban da sauran abin da zan ce kan lafiya.

Na faɗa masa. Ranar Lahadi ce, yana ba su dusa, na tsaya a bakin zanar na faɗi komai, har da tambayar mutumin nan. Bai daka mini tsawa ba. Da ya yi faɗa ma da na fi samun sauƙi. Ya gama zuba dusar, ya wanke hannu, ya tambaye ni kwana nawa da sanina. Na ce tara. Ya ce, "Kwana tara ina kwana da wannan a bayan ɗakina, ke kina rubuta wa Kano takarda."

Washegari shi da Yaya Sama'ilu suka kai bijiman gidan wani amininsa a wani ƙauye, ni ma bai gaya mini wanne ba. Da ya dawo ya kira Aina'u, ya ce ta kawo kayan makarantarta. Ta kawo riga da wando da hijabi a ninke. Ya sa a akwatinsa na ƙarfe, ya kulle, ya sa makullin a aljihu. Ya ce ba dukanta zai yi ba, yarinya ce, ba ta san abin da ta yi ba, amma makarantar da ke koya wa yaro ya faɗa wa duniya abin da ke bayan rumbun ubansa, ba da 'yarsa ba.

Yau kwana uku ba ta je ba. Ba ta kuka a gabana, sai ta zauna tana tsince wake, hannunta na aiki idonta na wani wuri. Ta ce mini da ma ba ta iya rubutun ba. Malama Nazira ta aiko cewa ranar Litinin, 28 ga wata, za a fara gwajin tsakiyar zango, kuma shugabar makaranta ta ce wadda ta yi mako biyu ba ta zuwa, ta kuma rasa gwajin, za a cire sunanta.

Maigida ya ce zai je taron Talata, ba don zaɓe ba, don ya ce a rufe abin gaba ɗaya.

Ko na yi miki laifi ne, Ummu? Ki rubuto.

Hure.

Bacirawa
Juma'a, 18 ga Zulƙida

Yaya Hure,

Yau Iliyasu ya kawo mini takardunki biyu a haɗe, sai yau aka gama gyaran motar. Lafiyarmu ƙalau. Na karanta su a ofis, na kasa shiga aji.

Ba ki yi mini laifi ba, ni na yi miki. Yaya, Sai Godiya baban Jamil ne, maigidana Malam Abdulrashid. Sunan da yake sawa ke nan a waya, shi ne ma rubuce a allon teburin namansa. Ranar da takardarki ta farko ta zo, na buɗe shafin a wayarsa don tawa ba caji, na nuna masa rubutun Aina'u ina yabo, ban gaya masa damuwarki ba. Na fita da sauri. Kin san mahauci, in ya ga dabba mai ƙiba tambayar kuɗinta yake yi kafin ya gaida mai ita. Da na tsare shi yau, ya ce shi ciniki kawai ya taya, yana so ya riga dillalai. Na karanta masa takardunki, ya ajiye abincin da yake ci. Maganar da na yi kan sha'awar bijimin ma wasa nake, kuma bayanin da na ce ya rage na shafukan ne, ba wani ɓoyayyen abu.

Amma kada wannan ya sa ki saki jiki da buɗaɗɗen shafi. Yadda shi ya gani, haka wani zai gani. A taron ki sa malamar ta amsa wannan a gaban kowa: wa zai iya shiga, kuma wa zai iya yin rubutu a ƙarƙashin na yara? A rufaffen, malama ce ke ba kowane gida lambarsa, babu rubutun da zai fito sai ta duba, baƙo kuma ba shi da wurin sa baki. In an kawo maganar data, ki ce ai da ma ita kaɗai ke ɗorawa da wayarta, yara kuma za su iya karantawa a aji. Mai ɗa a nesa sai a ba ɗan lambar gidansu. Ki kuma roƙa a daina sa hoton cikin gida da cikakken suna.

Baban Jamil ya ce a ba maigidanki, Yaya Dogo, haƙuri. Ya ce in ya yarda, zai zo da mota har inda bijiman suke a yi ciniki a can, ba sai an bi hanyar rafi ba. Sai dai makon nan kasuwa ta taso, ban san ranar da zai samu ba.

Ki karanta wa Yaya Dogo wannan takardar duka, kada ki tsallake laifina.

Ƙanwarki, Ummu.

Gidan Tsamiya
Laraba, 23 ga Zulƙida

Ummu,

Gaisuwa gare ki da Malam Abdulrashid. Ƙafar Inna ta fara sacewa. Maigida da yara lafiya, Aina'u ta rame kaɗan.

Takardarki ta same ni ranar Asabar. Da na kai wurin sunan sai na zauna a ƙasa, na daɗe ban tashi ba. Na karanta wa maigida ita daga farko har ƙarshe, a hankali, yana sauraro yana gyaran ƙota. Ya sa na maimaita wurin teburin nama. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba.

Jiya aka yi taron a ajin su Aina'u. Maza a kan benci a gaba, mu mata tara a baya kan tabarma. Malama Nazira ta yi bayanin shafukan biyu. Alhaji Kamaruddeen ya tashi ya ce zancen bai kai a ɓata rana ba, ga na kyauta ga na cin data, kuma rubutun yara ba kuɗin banki ba ne da za a sa masa makulli. Maza suka yi dariya. Na ga maigida ya fara tattara rigarsa zai miƙe, na san abin da zai ce, kuma in ya faɗa a gaban mutane ba zai janye ba.

Ban san lokacin da na tashi ba. Takardarki na hannuna. Wani ya ce yau kuma mata ne za su koya mana waya. Na gaishe su, na ce tambaya ɗaya gare ni ga Alhaji.

Na ce, "Alhaji, don Allah buhun masara nawa ka ajiye a sito bana?"

Ya dube ni, ya dubi maza. Ya ce, "Haba Hure, ai ba a tambayar wannan."

Na ce, "Ka yi haƙuri, na sani. Amma yaranmu ba su san ba a faɗa ba, kuma wancan shafin ba shi da ƙofa."

Sai wani tsoho ya ce a tambayi malama ko 'yar Alhaji ta rubuta sana'ar gidansu ita ma. Malamar ta ce ta rubuta. Alhaji ya ce a nuna masa yanzu yanzu. Ban san abin da ya karanta ba, amma da ya gama bai sake maganar data ba.

Na yi tambayoyinki, ta amsa. Maigida ya ce shi ba ya gane makullin da ba a gani. Ya sa malamar ta faɗi sunan rufaffen shafin da ta shirya don nunawa, ya ce Alhaji ya shiga da babbar wayarsa. Alhaji ya yi ta dannawa, abu ya ce sai lamba. Ya sa sunansa, ya ƙi. Ya sa sunan makaranta, ya ƙi. Aka ɗaga hannu, rufaffe ya sami ashirin da ɗaya, buɗaɗɗe sha ɗaya. Maigida bai ɗaga wa ko ɗaya ba, amma bai ce a rufe ba. Malamar ta goge tsohon shafin a gaban kowa.

A hanya na zaci tashin da na yi ya ɓata masa rai. Da muka isa gida ya ce makullin ya gani da idonsa, wannan ya wuce. Abin da bai gani ba shi ne mutumin da ya tambayi inda bijiminsa yake. Ya ce takardar mata ba shaida ba ce, wataƙila kin ɗora wa mijinki ne don ki ceci yarinya. In gaskiya ne, Malam Abdulrashid ya zo da ƙafarsa, ya buɗe wayarsa ya nuna masa sunan nan, a yi cinikin ko kada a yi. In ya zo kafin ranar Lahadi, Aina'u za ta shiga gwaji Litinin. In bai zo ba, ya ce to akwai wani a waje da ya san gidansa, kuma ba zai bar 'yarsa tana tafiyar mil biyu a hanya kullum ba.

Na roƙe shi ya kira a waya, ya ce a gaban Yaya Sama'ilu da matansa ba zai yi wannan zance ba, kuma murya kowa na iya yin ta.

Yau da safe ya buɗe akwatin, ya fito da kayan makarantar. Bai ba Aina'u ba, ni ya miƙa wa. Ya ce in wanke in ajiye a ɗakina, ba a ce ta saka ba tukuna. Na wanke, suna kan igiya, tana ta wucewa ta gefensu ba ta taɓa ba.

Na san kasuwar Sallah ta taso, na san rana ɗaya a wurin mahauci yanzu ba ƙaramin abu ba ce. Amma ki roƙar mini shi, ko ya zo ya juya a sa'a ɗaya. Asabar ce rana ta ƙarshe. Ki ba Iliyasu amsa kafin sallar Juma'a, ko layi ɗaya ne, zai zo ko ba zai zo ba, don in san abin da zan gaya wa yarinyar nan.

Yayarki, Hure.